Karen Riƙo da Gidan da Babu Kowa: Tarihin Wata Matsala a Ingila da Amurka

A Ingila da Amurka, cikin ƙorafe-ƙorafen da masu karnuka suka fi kaiwa gaban likitan dabbobi akwai ɓarnar da kare ke yi idan an kulle shi a gida an tafi aiki. Mai gida zai dawo da yamma ya tarar an gwaguye ƙafar tebur, an farke kushin an watsa soson cikinsa a tsakiyar falo, an cinye takalmi ɗaya an bar ɗaya, wani lokaci ma dokin ƙofa ya sha haƙori har katakon ya tsattsage. Likitoci da dama sun lura abin yana yawan faruwa ga karnukan riƙo, wato waɗanda aka ɗauko daga gidajen ajiye karnuka marasa masu bayan sun taɓa zama a hannun wani. Tauna tsohuwar ɗabi'a ce da kare ya gada tun kafin ya san mutum. Zamanta abin kai ƙara ne sabo, domin sai da kare ya bar tsakar gida ya koma cikin ɗaki, sannan ɗakin ya zama babu kowa da rana, kafin haƙoransa su fara jawo masa baƙin jini.

Kwikwiyo yana fitar da haƙoran farko guda 28, ya soma famfara yana ɗan wata uku zuwa huɗu, kafin ya cika wata bakwai ya kammala haƙoran girma guda 42. A wannan tsakanin dasashinsa na ƙaiƙayi, duk abin da ya samu sai ya kai baki. Bayan ya girma ma taunar ba ta barinsa, domin tana goge masa haƙora, tana motsa muƙamuƙi, tana kuma kwantar masa da hankali. Karen da ya samu ƙashin cinyar sa zai kwanta ya danne shi da ƙafafun gaba, ya karkata kai ya kafa turamen haƙoransa na gefe, ya shafe awa guda bai ɗago ba.

Zaman kare da mutum ya daɗe ƙwarai. A 1914 aka tono wani kabari a Oberkassel, kusa da birnin Bonn na Jamus, inda aka binne kare tare da mutum biyu kimanin shekara 14,000 da suka wuce. A kusan duk wannan tsawon lokaci kare ma'aikaci ne: yana farauta, yana kiwo, yana gadi, yana jan kaya. A manyan madafan Ingila har akwai wasu gajerun karnuka da ake sakawa cikin wani gargare na katako, su yi ta gudu a ciki suna juya tsinken gashin nama a bakin wuta. Rayuwar ba ta da daɗi, amma babu kaɗaici a cikinta. Kare yana wuni tare da mutane ko tare da 'yan uwansa, ya kwana a rumfa ko a barga, abin taunarsa kuma ƙashin da aka jefar a bayan gida. Masu sarauta da attajirai sun daɗe suna ajiye ƙananan karnuka a ɗaki, sai dai gidajensu cike suke da barori dare da rana.

Ƙarni na 19 ne ya sauya lissafin. Landan ta cika ta batse, titunanta kuma suka cika da karnukan da ba su da masu. A 1824 aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi, wadda daga 1840 ta samu amincewar gidan sarauta ta zama RSPCA. Wata doka ta 1839 ta hana ɗaura wa kare amalanke a cikin Landan, da nufin jinƙai, amma talakawa da yawa da ba za su iya ciyar da karen da ba ya aiki ba suka kashe nasu ko suka sake su a titi. Tsoron ciwon haukan kare ya ƙara sa jama'a ƙyamar karen titi. A cikin wannan yanayi ne wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan wucin gadi na ɓatattun karnuka da masu fama da yunwa a unguwar Holloway a 1860. Jaridar The Times ta yi mata ba'a, tana ganin rashin hankali ne a gina wa kare gida a birnin da mutane ke kwana a titi. Mujallar da marubuci Charles Dickens ke bugawa ta fito da rubutun goyon baya a 1862, ra'ayin jama'a ya fara juyawa. Tealby ta rasu a 1865, gidan ya koma Battersea a 1871, Sarauniya Biktoriya kuma ta zama uwar ƙungiyar da ke kula da gidan a 1885. Har yau gidan yana nan yana aiki.

A Amurka labarin ya fi muni kafin ya gyaru. A New York, karnukan da aka kama a titi ba a zo nema ba, a kan zuba su cikin kejin ƙarfe a nutsar a kogin East River. Henry Bergh ya kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta ASPCA a 1866, a 1869 kuma Caroline Earle White da wasu mata suka kafa tasu a Philadelphia, wadda ta buɗe gidan ajiye dabbobi na farko a ƙasar. ASPCA ta karɓi aikin kama karnukan New York daga hannun hukuma a 1894.

Ya kamata a fahimci cewa waɗannan gidaje na farko ba domin riƙo aka gina su ba. Babban burinsu shi ne a mayar da ɓataccen kare ga mai shi, wanda ba a nema ba kuma a kashe shi ba tare da azaba ba. Dokar karnuka ta Birtaniya ta 1906 ta tanadi a ajiye karen da aka tsinta kwana bakwai kafin a sayar ko a kashe. Ana sayar da wasu, amma ra'ayin cewa kowane kare ya cancanci a sama masa sabon gida bai yi ƙarfi ba sai bayan kusan ƙarni guda.

A shekarun da ake gina waɗannan gidaje, abincin kare ma yana canzawa, kuma wannan ɓangare ne da ba a cika ba shi muhimmancin da ya dace ba. Wajen 1860 wani Ba'amurke mazaunin Landan, James Spratt, ya fara sayar da biskit na karnuka, bayan ya ga karnuka suna cin busasshen biskit na matuƙan jirgin ruwa a bakin tasha, kamar yadda ake ba da labari. Wani yaron kamfaninsa, Charles Cruft, shi ne daga baya ya kafa shahararren bikin nunin karnuka na Crufts a 1891. A New York aka fito da biskit mai siffar ƙashi a 1908, wanda aka sani da Milk-Bone. Abincin gwangwani na naman doki ya biyo baya a 1922, sannan a 1957 kamfanin Purina ya watsa busasshen abinci mai ƙwaya-ƙwaya da ya mamaye kasuwa har yau. A lokaci guda mahautan unguwa suka ragu, nama ya koma manyan kantuna a yanke a naɗe, babu ƙashin da za a roƙa wa kare. Likitoci kuma suka yi ta gargaɗi, da gaskiyarsu, cewa dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda hanji. Sakamakon shi ne dabbar da aka halitta domin ta ɓata sa'o'i wajen neman abinci da gwaguyarsa ta koma tana share kwanonta cikin minti biyu, ga muƙamuƙi da ƙarfinsa, ga sauran yini babu abin yi.

Daga nan sai gidan ya zama kango da rana. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu barori suka ɓace daga gidajen masu matsakaicin hali, iyalai suka ƙanƙance, mutane suka koma unguwannin bayan gari masu nisa da wurin aiki. Daga shekarun 1970 ya zama ruwan dare miji da mata su fita tare da safe, yara suna makaranta, masu zaman kansu su kaɗai kuma suka ƙaru. Da farko wasu sun warware matsalar ta hanya mai sauƙi: a buɗe wa kare ƙofa da safe ya yi yawonsa, ya dawo da yamma. Yawan motoci da tsaurara dokoki suka kashe wannan al'ada. A Birtaniya dokar kare muhalli ta 1990 ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta naɗa jami'in kama karnukan titi, biranen Amurka kuma suka hana sakin kare ba igiya. Magungunan ƙuma masu ƙarfi da suka fito a shekarun 1990 suka cire shinge na ƙarshe, kare ya hau kujera ya hau gado. Kusancinsa da mutum bai taɓa kai haka ba, haka ma tsawon sa'o'in da yake yi shi kaɗai.

A wannan zamani ne riƙo ya zama al'ada. An ƙiyasta cewa a shekarun 1970 gidajen ajiye dabbobi na Amurka suna kashe karnuka da kyanwowi sama da miliyan 10 a kowace shekara. Abin ya tayar da hankalin jama'a, aka shiga kamfen na dandaƙa da hana haihuwa, aka kuma fara kiran mutane su ɗauki kare daga gidan ajiya maimakon saye. A 1978 ƙungiyar Birtaniya da yanzu ake kira Dogs Trust ta fito da takenta mai tunatar da mutane cewa kare abokin zama ne na tsawon rayuwa, ba kyautar Kirsimeti kaɗai ba. A 1994 ƙungiyar kare dabbobi ta San Francisco, ƙarƙashin Richard Avanzino, ta ƙulla yarjejeniya da hukumar birnin cewa za a sama wa duk lafiyayyen kare gida. Shafin intanet na Petfinder ya buɗe a 1996, ya sa mutum yana zaune a gida zai ga hoton karen da ke jiran mai ɗauka. Rayuka da yawa sun tsira. Sai dai an samu sabon baƙin ciki: karen da aka ɗauka da murna, bayan 'yan makonni a mayar da shi saboda ya lalata gida, kuma kowace mayarwa tana ƙara masa ciwon da ya sa shi ɓarnar tun farko.

Maganin da aka sani na dogon lokaci shi ne horo mai tsanani. Koyar da kare a matsayin sana'a ya taso ne daga 'yan sanda da soja, musamman littafin Konrad Most na Jamus na 1910. A Amurka William Koehler, wanda ya horar da karnuka wa kamfanin fina-finai na Walt Disney, ya fitar da nasa littafin a 1962, aka yi ta sayensa shekara da shekaru. Shawararsa game da kare mai tauna ita ce a cusa masa guntun abin da ya ɓata a baki a naɗe bakin na wani lokaci, domin ya tsani abin. Masu karnuka na gida kuwa abin da suka saba shi ne su jawo kare zuwa wurin ɓarnar, su nuna masa, su yi masa tsawa ko su doke shi da naɗaɗɗiyar jarida. Tushen duk wannan shi ne imanin cewa kare ya yi ne da gangan, domin ya rama barin da aka yi masa, kuma ya san ya yi laifi. Hujjar ita ce yadda yake tarbar mai shi: kunnuwa a kwance, wutsiya a matse, kai a sunkuye, idanu suna kauce wa kallo.

Wannan hujja ba ta tsaya ba da aka gwada ta. A 2009 Alexandra Horowitz ta kwalejin Barnard da ke New York ta shirya gwaji da karnuka 14. Mai kare zai hana shi cin wani abu ya fita, sannan a faɗa masa ko karen ya ci ko bai ci ba, wani lokaci a faɗa masa akasin gaskiya. Sai aka ga sunkuyar da kan tana bin faɗan mai kare ne, ba laifin ba, har ma karnukan da ba su ci komai ba aka yi musu faɗa sun fi nuna alamar. Abin da ake ɗauka nadama ne ashe lallashi ne na dabbar da ta ga fushi a fuskar mai ita. Kare ba ya haɗa dukan ƙarfe shida na yamma da kushin ɗin da ya farke ƙarfe tara na safe. Abin da yake koya shi ne dawowar mai gida tana zuwa da haɗari, sai fargabar jiran dawowar ta hau kan fargabar tafiyar. An daɗe ana zaluntar karnuka a kan wannan kuskure, kuma mafi yawan masu yin hakan mutane ne da ke ƙaunar dabbobinsu.

Fahimtar ainihin abin ta zo ne ta hanyar nazarin yara. Likitan ƙwaƙwalwa na Birtaniya John Bowlby ya yi bayanin shaƙuwar jariri da mai renonsa da tashin hankalin rabuwa, Mary Ainsworth kuma ta tsara gwajin da ake fitar da uwa daga ɗaki a ga yadda yaro zai yi. A ɓangaren karnuka, John Paul Scott da John Fuller sun shafe shekaru suna nazari a Bar Harbor ta jihar Maine, littafinsu na 1965 ya nuna muhimmancin makonnin farko na rayuwar kwikwiyo wajen sabawa da mutane. A shekarun 1980 Victoria Voith da Peter Borchelt suka bayyana fargabar rabuwa a matsayin cuta ta musamman a karnuka. A 1998 József Topál da abokan aikinsa a Budapest ta Hangari suka yi wa karnuka gwajin Ainsworth, suka ga suna neman masu su kamar yadda yaro ke neman uwa. Binciken da ya fi shafar karen riƙo ya fito daga wannan rukuni a 2001: manyan karnukan da ke zaune a gidan ajiya sun fara nuna shaƙuwa da baƙon mutum bayan ya zauna da su sau uku kacal, minti goma-goma. Dabbar da ta rasa nata mutanen tana kama sabon hannu da sauri, kuma wannan saurin ne ke sa safiyar Litinin ta farko, ranar da sabon mai ita zai koma aiki, ta zama mata babbar jarrabawa.

Kyamarar bidiyo ta cike sauran giɓin. Da aka fara ɗaukar hoton karnuka bayan an rufe ƙofa, sai aka ga mai fargaba ba ya jira ya gaji da zama kafin ya fara. Tashin hankalin yana kaiwa ƙololuwa ne jim kaɗan bayan fitar mai gida: haki, dalalar da miyau, kai-komo, kuka, sannan ya afka wa ƙofa ko taga. Wasu ma tun mai gida yana ɗaura takalmi ko ya ɗauki makulli suke fara rawar jiki. Daga nan likitoci suka koyi karanta ɓarnar kanta. Idan ta taru a bakin ƙofa da tagogi, ko a kan kayan da ke ɗauke da warin mai gida, tsoro ne. Idan ta watsu ko'ina, an kifar da kwandon shara an yayyaga takardu, kuma karen yana yin haka ko da mutane suna nan, to ƙuruciya ce ko rashin abin yi. Maganin ɗayan ba ya yi wa ɗayan aiki.

Na rashin abin yi shi ne kasuwa ta fara amsawa. Kamfanin Nylabone ya fara yin ƙashin roba mai tauri a 1955, busasshiyar fatar shanu da aka naɗe kamar ƙashi ita ma ta yaɗu, ko da yake tana iya shaƙe kare idan ya haɗiye babban guntu. Wanda ya fi shahara shi ne Kong. Labarin da kamfanin ke bayarwa shi ne Joe Markham, a jihar Colorado, yana da kare mai suna Fritz da ke tauna duwatsu har haƙoransa suna lalacewa. Wata rana yana gyaran motar Volkswagen ya jefa masa wani guntun roba daga ƙarƙashin motar, karen ya ƙi rabuwa da shi. A 1976 aka fara sayar da abin, roba ce mai siffar ƙwallo uku a ɗore, da rami a ciki. Amfaninsa na gaske ya bayyana ne da masu horarwa irin su Ian Dunbar suka koya wa mutane su cusa abinci a ramin, wasu su sa a firiza ya daskare, domin kare ya sha wahala kafin ya ci. Wannan dawo wa kare ne da aikin da kwanon abinci ya ƙwace masa. Iyakarsa ita ce karen da ke cikin tsoro na gaske ba ya cin abinci; a kan dawo a tarar da abin cike yadda aka bar shi, ƙofa kuwa a gwaguye.

Keji shi ne abin da ya fi jawo saɓani. A Amurka ya zama kayan gida na yau da kullum, ana cewa yana kare kwikwiyo daga wayar lantarki da guba, kuma gaskiya ne idan na ɗan lokaci ne kuma an sabar masa a hankali. Amma mai fargaba idan aka kulle shi yakan karya haƙora ko ya ji wa kansa rauni wajen neman fita. Suwidin da Finlan sun hana ajiye kare a rufaffen keji a gida, sai domin tafiya ko wata lalura ta ɗan lokaci. A Suwidin ƙa'idar hukuma ita ce a fita da kare aƙalla kowace awa shida da rana, shi ya sa gidajen renon karnuka na yini suka yawaita a can. RSPCA da Dogs Trust suna ba da shawarar kada a bar kare shi kaɗai fiye da awa huɗu.

Maganin tsoro kuwa an aro shi ne daga aikin Joseph Wolpe, likitan ƙwaƙwalwa daga Afirka ta Kudu, wanda a shekarun 1950 ya nuna ana iya rage tsoro ta hanyar gabatar da abin tsoron kaɗan-kaɗan, ƙasa da yadda zai tayar da hankali. Ga kare, ana farawa da ɗaukar makulli a ajiye ba a fita ba, sai a fita na daƙiƙa biyar, sai minti ɗaya, ana kallo ta kyamara, ba a ƙara lokaci sai ya natsu a matakin da ake. Aikin yana cin makonni ko watanni, kuma sharaɗinsa mai wuya shi ne a tsawon lokacin kada a bar karen fiye da abin da zai iya jurewa, don haka dole a nemi maƙwabci ko ɗan uwa ko mai reno. A 1993 aka amince da likitancin ɗabi'ar dabbobi a matsayin fanni mai zaman kansa a Amurka. A ƙarshen 1998 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta amince da maganin Clomicalm domin fargabar rabuwa a karnuka, a 2007 kuma ta amince da Reconcile. Dukansu an amince da su ne a haɗa da horon sabarwa, ba su kaɗai ba.

Annobar korona ta 2020 ta jarraba duk wannan ilimi a lokaci guda. Mutane da yawa da aka kulle a gida suka ɗauki karnuka, karnukan suka yi watanni ba su taɓa ganin gida babu kowa ba, da ofisoshi suka buɗe kuma likitoci da gidajen ajiya suka fara karɓar ƙorafi. Gidajen ajiya na yau sun sauya tsari saboda irin wannan. Kafin a miƙa kare ana tambayar mai nema awa nawa gidan ke zama babu mutum, ana gwada karen a ga yadda yake idan an bar shi, wasu ana fara kai su gidajen masu riƙon wucin gadi domin a san halinsu a cikin ɗaki. Ana ba sabon mai shi shawarar ya samu 'yan kwanaki a gida, amma ya fara gajerun fita tun ranakun farko, ya kawar da takalma da wayoyi daga ƙasa, ya fita da karen yawo kafin ya tafi aiki. Manyan ƙungiyoyi irin su Dogs Trust da Battersea suna ci gaba da ba da shawarar ƙwararru bayan an tafi da kare, kuma suna karɓarsa idan zaman ya gagara.